Ƙafar Delu da Hannun Ruƙayya

Bakin Gada, Anacha
6 ga Maris, 1966

Zuwa ga ƙanwata Ruƙayya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Malam Zailani da jaririya. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Maigidana Na'Allah yana gaishe ku. Su Hassan da Husaini sun yi mura sun warke, yanzu ƙiriniya kawai suka sa gaba. Ki gaida mini Inna Tabawa da kyau da kyau.

Bayan haka, Ruƙayya, tunatarwa nake so in yi miki. Da kika rubuto cewa haihuwa ta matso, ga shi ba ki da uwa a raye, ni da bakina na ce Inna ta tafi Fatakwal ta yi miki wankan jego. Kakanki da mahaifin Inna 'ya'yan wa da ƙani ne, ba zan bari a ce kin haihu a hannun baƙi ba. Amma aronta na ba ki. Kwana arba'in aka ce, yau ga shi wata uku har da ɗoriya, ko alamar ƙullin kayanta ban gani ba. Matar nan ƙanwar ubana ce, ita ta yaye ni, ba ta taɓa haihuwa ba sai ni da aka ba ta. A bayanta na girma, bayan nan da yake ciwo yanzu. Wataƙila ma ni na fara lalata shi, don an ce ina da ƙiba tun ina goye.

Zancen bayan ne ya sa na ɗauki alƙalami. Shekara goma sha ɗaya ina fama da kwankwason nan nata, na san shi kamar yadda na san tukunyar tuwona. Ranar Litinin da Juma'a ake yi. Ki tafasa ruwa da ganyen dogon yaro, ki tsoma tsohon zane ki gasa mata daga tsatso zuwa ƙasa, sai fatar ta yi ja. Ki shafe wurin da man kaɗe da garin citta. Sai ta yi rub da ciki a kan tabarma, a dogara taɓarya a hau, a taka gefe da gefe da diddige, ban da kan ƙashi. In an ji ƙas, an gama. A ɗaure mata ƙugu da ɗamara tamau, ta kwanta kwana biyu, ko buta kada ta ɗauka.

Sai dai kin san a danginmu ba kowace ƙafa ce ke taka baya ba, sai ta uwar tagwaye. Ke kuwa ɗaya kika haifa, Allah ya raya ta. Saboda haka ban ga wata dabara ba illa ki sako mini ita a motar Yero, direban da zai ba ki wannan takarda. Ranar Alhamis yake juyowa, na riga na ce ya tanadar mata gidan gaba.

Ni ce yayarki,
Delu

*

Mil Biyu, Diyobu, Fatakwal
20 ga Maris, 1966

Zuwa ga Yaya Delu,

Bayan gaisuwa da girmamawa, wasiƙarki ta iso, mun ji daɗin jin lafiyarku. Mu ma ƙalau muke, jaririya har ta fara dariya. Allah ya saka miki da alheri kan Inna, ban san bakin da zan gode miki da shi ba.

Yaya, ki kwantar da hankalinki game da bayan Inna. Kin san na koma aiki a ɗakin gashin ƙashi na asibitin da nake, ƙarƙashin Sista Uzoma, wadda ta yi karatun abin shekara uku. Na kai mata Inna ta duba ta sosai. Da na yi mata bayanin takawa da diddige sai ta riƙe baki ta ce, "Person dey march old woman for back?" Wato, ashe ana taka bayan tsohuwa? Ta ce ƙashin tsoho kamar busasshen kara yake, Allah ne kawai ya tsare. Ba ni na faɗa ba, ita ce.

Ga yadda muke yi. Gashi da ruwan zafi muna yi, a nan bakinmu ɗaya da ke, sai dai mu da tawul muke yi kuma ba ma bari fata ta yi ja. Daga nan sai in bi gefen ƙashin baya da manyan yatsuna, a hankali, daga ƙugu zuwa sama, ina murza jijiyar da ta ɗaure. Sai ta juya rigingine ta jawo gwiwa zuwa ƙirji, dama sau goma, hagu sau goma. Katifar rimi mun ɗauke, mun shimfiɗa mata bargo a kan wani tsohon ƙyaure. Ɗamara mun kwance, don Sista ta ce tana kashe ƙarfin baya. Kwanciyar kwana biyun nan kuma ita ce babbar ɓarna. Kullum da safe sai ta taka zuwa famfon unguwa ta dawo.

Da farko har zagina ta yi, ta ce na mai da ita soja. Yanzu kuwa da ƙafarta take zuwa kasuwa sayen kuɓewa. Jiya ina ji tana ce wa matan gidanmu, "Yarinyar nan hannunta yana da albarka." Wallahi sai da na yi ƙwalla, don ban taɓa samun babba ta faɗi haka a kaina ba.

Na karanta mata wasiƙarki daga farko har ƙarshe. Ta saurara, ta ce, "To," ta ci gaba da tsintar wake. Ba ta ba da wani saƙo ba, da na rubuta. Ina ganin a bar ta ta ƙara kwana biyu, kada a katse maganin a tsakiya. Na ba Yero busasshen kifi ya kawo wa su Hassan.

Ƙanwarki,
Ruƙayyatu

*

Bakin Gada, Anacha
3 ga Afrilu, 1966

Ruƙayya,

Muna lafiya. Kifi ya iso, an gode, ko da yake gishirinsa ya yi yawa.

A kan ƙyaure! Uwar tawa kika shimfiɗe a kan ƙyaure da ranta? Ke da aka haifa a Fatakwal ba ki sani ba, amma ki tambayi kowace tsohuwa a unguwarku wanda ake kwantarwa a kan ƙyaure. Na karanta wurin nan, ludayi yana hannuna, sai da miya ta ƙone. 'Yan dakon da ke sayen abinci a rumfata sun ci tuwo da ƙauri ranar, duk saboda ke.

Ki gaya wa Sistarki busasshen karan nan na taka shi shekara goma sha ɗaya bai karye ba. Ita da ta yi shekara uku a makaranta, ni na ninka ta kusan sau huɗu a kan baya ɗaya. Yatsa kuma me zai yi wa kwankwaso? Ciwon da ya shiga da nauyin tulu da goyo da durƙuso a gaban murhu, shi za a fitar da ɗan yatsa kamar ana ƙulla ɗanwake? Direbobi nawa suka sauko daga mota a duƙe, suka kwanta a bayan rumfata, matansu suna tsaye ni na taka su, suka tashi suna sa mini albarka. Ki tambayi Yero, shi ma ya sha diddigena.

Amma ba wannan ne ya fi ci mini rai ba, kuma ba zan ɓoye miki ba, don ni ba na iya ajiye magana a ciki. Wai hannunki yana da albarka. Shekara goma sha ɗaya, Ruƙayya, ina barin ciniki a lokacin da ya fi tafiya in zo in hura mata wuta, ban taɓa jin ta ce ƙafata tana da albarka ba. Abin da nake samu shi ne, "A hankali, ke kam kamar saniya." Ke wata huɗu kacal, har an yabe ki a gaban mata. Kishi nake yi, na faɗa, ki rubuta ki ajiye. Kuma a karanta mata takardata ta ce "To" kawai? Wake ya fi ni ke nan.

Ga abin da nake so. Ki zaunar da ita ki tambaye ta gaba da gaba: tsakanin takuna da murzarki, wanne ya fi mata? Ki rubuto mini abin da ta ce, kada ki sa masa gishiri kamar kifinki.

Delu

*

Mil Biyu, Diyobu, Fatakwal
12 ga Yuni, 1966

Zuwa ga Yaya Delu,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki gafarce ni da daɗewar amsa. Jaririya ta yi zawon haƙori, sannan ga wannan labari marar daɗi da ke zuwa daga Arewa tun ƙarshen watan jiya. Ibo suna ta saukowa daga jirgin ƙasa da ƙullin kaya, wasu da raunuka, biyu ma an kawo su ɗakinmu. Ina murza ƙafar mutum yana kallon kallabina, ban san inda zan sa idona ba. Mai kuɓewar Inna ta daina amsa gaisuwarta. Ku fa, yaya bakin gada?

Ƙyauren nan na sa kafinta ya yi masa ƙafafu, yanzu gado ne. Ban san haka abin yake ba, ki yi haƙuri.

Na tambaye ta kamar yadda kika ce. Ta yi dariya ta ce, "Waccan ai nauyi gare ta kamar buhun gero, ke kuwa hannunki kamar auduga." Haka ta faɗa, ban ƙara ko wasali ba. Ni dai abin da idona ya gani shi ne da ta zo a zaune take salla, yanzu tana ruku'u. Taku yana sa a ji daɗi na kwana biyu don jijiya ta saki, amma motsi ne ke riƙe baya. Ba raini ba ne, Yaya, kowa da abin da ya koya.

Abu ɗaya ne ke damunta, shi ne akwatinta da ta bari a ɗakinta na gidanki. Da safe zancen akwati, da yamma zancen akwati. Ko ruwa ya shiga, ko wani yana duba shi, wai a irin wannan zamani bai kamata a bar shi can shi kaɗai ba. Shekaranjiya ma ta ce a nemo mata motar Anacha ta je ta gan shi da idonta. Na ce haba Inna, a kan akwati za ki sha jijjigar mota ki rushe aikin wata shida? Saboda haka ina roƙonki ki ba Yero shi ya taho da shi, hankalinta ya kwanta wuri ɗaya.

Ƙanwarki,
Ruƙayyatu

*

Bakin Gada, Anacha
10 ga Yuli, 1966

Ruƙayya,

Lafiya muke. Na'Allah ya kwashe su Hassan ya tafi da su Kano, gidansu na Indabawa, sai abin ya lafa. Ya yi ya yi in bi su, na ce ba zan bar rumfata ba.

Ga akwati nan. Tunda shi aka tuna, ni ba a tuna da ni ba, ya tafi lafiya. Na haɗa da butarta, da tabarmar sallarta, da ƙaramin turminta na daka goro, da takalmanta na Idi, da allurarta da ke soke a jikin labule. Ragowar man kaɗe ma ga shi nan a gwangwani, ki shafa wa ƙafafun gadon. Ko tsinke ban rage ba. Ɗakin na share na zuba albasa a ciki, ki gaya mata kada ta damu da shi.

Buhun gero yana gaida auduga.

Delu

*

Mil Biyu, Diyobu, Fatakwal
28 ga Agusta, 1966

Yaya Delu,

Ina gaishe ki, amma ba zan ce muna lafiya ba.

Ranar da Yero ya sauke kayan nan, Inna tana dawowa daga famfo da ƙafarta. Ta tsaya ta dubi akwatin, ta dubi butar, ta dubi turmin. Da ta ga allurar sai ta ce, "Har da ita?" Na karanta mata takardarki, ban da layin ƙarshe. Da na zo kan albasa sai ta shiga ɗaki ta kwanta. Yaya, yau mako bakwai ke nan, in ba alwala ba ba ta sauka daga gadon nan. Akwatin ko buɗe shi ba ta yi ba.

Bayan ya koma kamar icce. Ina gasawa, ina murzawa har yatsuna su yi tsami, tana kwance shiru kamar ba jikinta nake taɓawa ba. In na ce ta jawo gwiwa sai ta ce gobe. Na ajiye karatuna gefe na je har Mil Uku na nemo wata uwar tagwaye ta zo ta taka ta. Matar tana hawa Inna ta ce ta sauka, wai ƙafarta sanyi gare ta.

Baba Kande, tsohuwar da ke sayar da ƙuli a gidanmu, ita ta zaunar da ni. Ta ce, "Ke 'yar nan, a ina aka raine ki? Tabawa ta buɗi baki ta ce tana kewar 'yar da ta goya? Ai sai ƙasa ta tsage ta shige. 'Yar wani ake yabo a gaban mutane, taka sai dai ka kushe ta. Wata biyu tana roƙonki ki mai da ita wurin 'yarta, da bakin da take da shi, ke kuma kika aika aka kwaso mata kaya." Ta ce a wurin Inna, kayan nan ma'anarsu kin sallame ta.

Ni a makarantar mishan na tashi, uwata ta rasu ina shekara shida, ba wanda ya taɓa jin kunyata balle in san yadda ake yi. Amma ba zan fake da wannan duka ba. Ranar da ta ce a nemo mota, wani abu a raina ya gane, na danne shi. Na ɗanɗana samun uwa a gida, ban so in mayar ba. Ni ma kishinki nake yi tun ranar da ta zo, don ko tuwo na tuƙa sai na ga tana kallon gefe, na san da wa take gwada ni. Ki yafe mini, ki zo ko ki rubuto mata.

1 ga Oktoba. Takardar nan ta yi wata guda a ƙarƙashin matashina, Yero ya daina zuwa, ba mai kaiwa. Yanzu Sista Uzoma za ta je garinsu kusa da Anacha, ta yi alkawarin sa ta a hannunki. Abin ya iso gare mu. An ƙona rumfuna a Mil Ɗaya, an kashe mutanen da na sani. Maigidan hayarmu ya kulle mu ta waje yana ce wa masu zuwa mun tafi. An ce 'yan sanda za su raka 'yan Arewa bakin teku ranar goma ga wata, jirgin ruwa zai kai mu Ikko. Da ƙafa za a je, kuma akwai tsani mai tsawo. Inna ta ce ba inda za ta sai ta hanyar Anacha. Ba ta iya tsayuwar minti biyar, Malam Zailani kuma ba zai iya ɗaukarta da jaririya da ni a rana irin wannan ba. Na ce masa in ba ta tashi ba ni ma ba zan tafi ba. Yaya, ban san abin da zan yi ba.

Ruƙayyatu

*

Tashar jirgin ƙasa, Inugu
6 ga Oktoba, 1966

Ƙanwata Ruƙayya,

Ina gaishe ki, ina gaida Malam da jaririya. Da sauran numfashina, alhamdu lillahi. Takardu biyu ne a ambulan ɗin nan. Ƙaramar ta Inna ce, ki karanta mata da ƙarfi. Wannan taki ce ke kaɗai.

Sistarki ta same ni ranar uku ga wata, ina da wuri a motar da za ta haye gada zuwa Asaba. Mace ce mai kirki, ki ce na janye rabin abin da na faɗa a kanta. Na karanta takardarki a tsaye, na sauke ƙullina daga motar, na nemi ta Fatakwal. Ba mu yi nisa ba aka tare hanya, 'yan sanda suka tattara mu suka juyo da mu nan. Muna zube a filin tasha, bayan Kasuwar Atisan, mun fi ɗari biyar. Kullum ana cewa jirgin Arewa zai zo gobe. Wani ma'aikacin reluwe da zai gangara Fatakwal ya yarda zai kai wannan takarda asibitinku.

Ke kina da uzuri, ni ba ni da shi. Ni na san matar nan. Ranar aurena ko leƙowa ba ta yi ba, tana bayan ɗaki tana wanke tukwanen da an riga an wanke. Da a bakinta na ji zancen akwatin nan, da dariya zan yi in ɗauko mayafi. Amma a rubutunki na gan shi, bayan auduga da buhun gero, sai idona ya rufe. Kuma ƙarya na yi da na ce rumfa ce ta hana ni bin su Hassan. Wace rumfa? Na zauna ne don kada ta dawo ta tarar da ƙofa a rufe. Albasa ma babu ko ɗaya a ɗakin.

Yanzu ki saurara, lokaci ya ƙure. Takuna yana ba ta kwana biyu na daɗi, rana ta uku ciwon ya dawo, na sani tun da daɗewa. Ban taɓa sa ta ta yi ruku'u ba. Naki ne zai kai ta bakin teku, saboda haka naki za ki yi, safe da rana da yamma. Sai dai zan ba ki abu biyu da ba su cikin littafin Sista. Na ɗaya, a gefen hagu, yatsa uku daga ƙashi, daidai inda bakin zane yake zama, akwai wani ƙulli kamar ƙwallon goruba. Nan ne uwar ciwon. Ki sa gwiwar hannu, yatsanki ba zai kai ba, ki danna ki ƙirga ashirin. Na biyu, bayan Inna ba ya saki in tana shiru. Ki tsokane ta. Ki ce miyarki ta fi tata, ki ce goron da take ci na banza ne. In ta fara faɗa, jikin ya saki, sai ki yi aikinki. Kin cika ladabi, shi ya sa kika sha wuya.

A takardarta na rubuta cewa na riga na shiga jirgi, kafin ta ji wannan ina Indabawa, na share mata ɗaki, kuma in ba ta zo da ƙafarta ba zan ba wa kaji shi. Na rantse har sau uku, Allah ya yafe mini. Kada fuskarki ta nuna mata komai. Akwatin ku bar shi nan.

Na ba ki ita, Ruƙayya, wannan karon ba aro ba, sai ranar da Allah ya haɗa mu. Ki kula da ita da kyau. Amma kada ki fi ni, don ba zan yafe ba.

Yayarki,
Delu

*

Indabawa, Kano
23 ga Yuli, 1967

Zuwa ga Yaya Delu, duk inda wannan ta same ta,

Gaisuwa da fatan kina cikin rai da lafiya. Mu nan lafiya. Su Hassan an sa su makaranta. Yarinyata tana gudu yanzu, tana kiran Inna da "Nna". Wannan ce takarda ta shida da na rubuta. Biyu na aika Makurɗi, ɗaya Kafanchan, biyu na ba masu agaji. Wannan wani soja zai tafi da ita, tunda yanzu yaƙi ne sosai, su kaɗai ke zuwa wajen. Zan sake faɗin komai daga farko, don ban san wadda za ta iso ba.

Takardarki ta zo ranar takwas ga Oktoba. Na karanta wa Inna tata. Ta ce, "Kaji? Ɗakin nawa?" Ta fara faɗa, ina danna ƙullin nan da gwiwar hannu, yana nan daidai inda kika ce. Ranar ta taka zuwa ƙofa. Washegari ta zaga tsakar gida sau bakwai tana zagin miyata. Ranar goma ta yi tafiyar nan duka a tsakiyar 'yan sanda, tana dafe da kafaɗata, ta hau tsanin jirgi da ƙafarta. Daga Ikko muka yi kwana uku a jirgin ƙasa.

Da muka iso gidan nan Na'Allah ya fito yana duba bayanmu. Inna ce ta ce masa ba tare muke ba. Daga baya na durƙusa zan ba ta haƙuri, ta ce in tashi, tun a Fatakwal ta san ƙarya ce, wai tun kina yarinya ba kya rantsuwa sau uku sai in babu gaskiya. Na ce to me ya sa ta tashi? Ta ce, "In ban tashi ba, ai nemana za ta taho."

Na'Allah ya je Makurɗi sau biyu. Wani ya ce ya ga mace mai kama da ke tana raba wa yara tuwo a tashar Inugu. Wata ta ce jirginku ya tashi, wani ya ce bai tashi ba. Malamai sun ce a yi sadaka, Inna ta ce duk wanda ya daka gumbar mamaci a gidan nan ba ita ba shi.

Zancen baya kuwa, ga yadda ake ciki. Na sami aiki a wani ɗakin gashin ƙashi a nan. Gashi da murza ina yi mata Litinin da Juma'a, na koma ranakunki. Tafiya kuma ba sai na ce ba. Kullum bayan sallar asuba sai ta ɗauki mayafi ta kama hanyar tasha, ta tsaya har jirgin safe ya sauke mutane, ta dawo. An gaya mata jirgi ya daina zuwa daga Gabas tun bara, ta ce ita motsa ƙafa take yi, likitarta ce ta sa ta. Wata tara ke nan ba fashi. Ɗamara ta manta da ita, ko sanda ba ta riƙewa, tana ɗaukar tulu. Babban likitanmu ya duba ta ya ce bai taɓa ganin bayan mai shekara saba'in irin wannan ba, har ya tara ɗalibai ya ce in yi musu bayanin yadda na yi.

Na ci, Yaya. Hanyata ta fi, kowa ya shaida. Na tsaya a gaban ɗaliban nan na buɗe baki, kuka ya ƙwace mini, sai fita na yi.

Ran da ba ni da aikin safe nakan raka ta. In kin sauka ba ki gan mu ba, ki tsaya a wajen famfon da ke bakin ƙofar fita, kada ki ɗauki mota. Wani lokaci mukan makara kaɗan, don takan tsaya gaisawa da mutane.

Ƙanwarki,
Ruƙayyatu